Mayar da Tsohuwar Bas Ɗakin Tafiya: Yadda Za Ka Samar wa Aikin Lokaci Ba Tare da Zuciyarka Ta Mutu Ba

Duk wanda ya saba zagayawa bayan garejojin sina'iyya, wato unguwar masu gyaran motoci, a Jidda, ko filayen da ke gefen istirahohi, wato gidajen shaƙatawa na haya, a bayan gari, ya taɓa cin karo da tsohuwar bas wadda aka kwashe wa kujeru, tayoyinta sun sace sun nutse cikin rairayi, ƙura kuma ta lulluɓe gilasanta har yara sun rubuta sunayensu a kai da yatsa. Idan ka nemi mai ita ka tambaye shi, zai gaya maka cewa aikin yana nan, ɗakin tafiya zai mayar da ita, da gado da kicin da komai, lokaci ne kawai bai samu ba. In ka ƙara bincike za ka tarar shekara biyu ke nan rabonsa da buɗe ƙofarta.

Tawa ma ta kusa shiga wannan sahu. Toyota Coaster ce mai kujeru 30, irin wadda muke kira Kosta, na saye ta bayan wata makaranta ta gama cin moriyarta wajen jigilar ɗalibai. A makon farko na cire kujerun duka, na yaye rufin ciki, na zare wayoyin fitilu, na sauke batura, ina ganin kafin babbar salla zan kai iyalina Ɗa'ifa a cikinta. Sai ga shi ta yi wata bakwai a tsaye, har na fara kauce wa bin layin da take don kada in gan ta. Abin da wancan zaman ya koya mini shi ne himmar mutum tana bin motar da ke tashi da ƙafafunta, domin da zarar bas ta zama gawa, zuciyar mai ita ma bin ta take yi. Matakan da ke tafe duk a kan wannan aka gina su.

Fara da takardu, tun kafin ka taɓa sifana

Zuwa da kai ya fi aike. Je ofishin murur, wato hukumar kula da zirga-zirgar motoci, da kanka ka yi tambayoyi uku: ko dokar ƙasa ta yarda a yi wa irin wannan mota rajista da sunanka, wane aji na lasisin tuƙi take bukata, kuma wace hanya ake bi idan ana son rage kujeru ko sauya fasalin cikinta. Tambayar farko ta fi shafar baƙi masu iƙama, wato takardar izinin zama, domin akwai ƙa'idoji a kan mallakar motoci masu kujeru da yawa waɗanda ba su hau kan ɗan ƙasa ba. Ta ukun kuwa ta shafi kowa, tun da sauya fasalin mota ba da izini ba laifi ne a dokar hanya, kuma ba za ka iya sabunta istimara, wato takardar rajistar mota, ta manhajar gwamnati ta Absher ba sai kana da inshora da takardar fahas, wato ta binciken lafiyar mota, wadda wa'adinta bai ƙare ba.

Wannan yana da alaƙa da ƙwarin gwiwa kai tsaye. Mutumin da ke aiki alhali a can ƙasan ransa yana shakkar ko motar za ta taɓa hawa titi bisa doka, kowane ƙaramin cikas sai ya zame masa dalilin ajiye guduma. Ina kuma ba da shawarar a guji rubuta motar da sunan wani ɗan'uwa ko aboki don a kauce wa ƙa'ida, domin ranar da aka yi haɗari ko tara ta taru, zumuncin ne zai biya.

Wurin da za ta tsaya

Nisan bas daga gidanka shi ne zai yanke yawan zuwanka. Idan sai ka yi tuƙin minti 40 cikin cunkoson Jidda kafin ka isa, to aikin daren Talata ya mutu tun ba a fara ba. Nemi wurin da bai wuce minti goma zuwa sha biyar ba, ko da kuɗin hayarsa ya ɗan fi na nesa. Barin ta a bakin titi bai dace ba, domin baladiyya, wato hukumar birni, takan manna wa motocin da suka daɗe a yashe takardar gargaɗi, daga baya a ja su.

Samun fili ya ƙara wuya tun bayan rushe tsofaffin unguwanni irin su Karantina da Sabil da Gulail daga ƙarshen 2021, lokacin da da yawa daga cikin mutanenmu suka koma gidajen bene marasa tsakar gida. Abin da ya rage shi ne hoshi, wato katangaggen fili, na wani ɗan'uwa, ko kusurwar istiraha, ko yarjejeniyar wata-wata da mai gareji. Ko wanne ka samu, ka tabbatar akwai inuwa ko damar kafa rumfa, da soket ɗin wuta, da ƙofar da ake kullewa, kuma wurin yana kan tudu. Wanda ya ga ambaliyar Nuwamban 2009, ko ruwan da aka yi a Nuwamban 2022, ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da kwari ke yi wa mota a wannan gari.

Lissafin lokaci na gaskiya

A nan mafi yawanmu muke yaudarar kanmu, don haka zan daɗe a kansa. Ɗauki takarda ka rubuta makonka kamar yadda yake, ba kamar yadda kake fata ba. Tun 2013 hutun mako a Saudiyya Juma'a ne da Asabar, amma ma'aikata da yawa a kamfanoni da shaguna Juma'ar kawai suke samu, ita kuwa ta masallaci ce da ziyarar dangi. Abin da na ga ya ɗore shi ne zama uku a mako: awa uku da safiyar ranar hutu, daga idar da sallar asuba zuwa lokacin da rana ta fara zafi, sai kuma darare biyu na awa ɗaya da rabi bayan isha'i. Jimla awa shida ke nan.

Yanzu sai ka cire makonnin da ka san ba naka ba ne. Azumi da ƙaramar salla za su ci mako biyar. Lokacin Hajji zai ci aƙalla uku, domin duk Bahaushen da ke zaune a Jidda ko Makka ya san yadda gida ke cika da baƙi daga Najeriya da Nijar, wannan a tarye shi, wancan a raka shi kasuwa sayen tsaraba. Ƙara shida domin rashin lafiya, da biki, da tafiya, da ranakun da zafi ya hana komai. Mako 38 suka rage, in ka ninka da shida ka sami awa 228 a shekara. Wannan bai kai kwana 30 na ma'aikacin da ke yin awa takwas a yini ba. Ma'ana, shekararka guda daidai take da watan ƙwararren kafinta ɗaya, shi kuma ba ya tsayawa koyon aikin kamar yadda kai za ka tsaya. Wanda ya yi wannan lissafi tun farko ba zai kalli bidiyon YouTube na mutumin da ya gama tasa cikin wata uku ya ji kamar shi malalaci ne ba, kuma zai ɗauki shekara biyu zuwa uku a matsayin wa'adi na hankali.

Bayan lissafin mako sai na shekara, domin yanayi ne ke raba aikin. Daga Nuwamba zuwa Maris ne ake iya zama cikin motar ƙarfe a yi aiki mai nauyi, don haka goge tsatsa, da fenti, da shimfiɗa daɓe, da hawa rufi, duk a tura su can. Da bazara kuwa, ita kanta hukuma takan hana sa ma'aikata aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, balle kai da ba wanda ya tilasta maka. A watannin nan sai ka kwaso aikin ka kawo gida: zanen tsarin ɗakin, haɗa allon fis da makunnai a kan tebur, ɗinkin labule da rigunan matasai, yin odar kaya. Akwai kuma wani abu da ya kamata a lura da shi. A 2025 azumi ya kama ranar 1 ga Maris, kuma kowace shekara yana ja baya da kwana 10 ko 11, saboda haka a shekarun nan yana faɗowa ne a tsakiyar watannin sanyin da kake taƙama da su. Gaskiya ne dokar ƙwadago ta rage wa Musulmi lokacin aiki zuwa awa shida a yini cikin Ramadan, amma ban ga hikimar ƙwace wa ibada da barci wannan rarar don a ba wa bas ba. Ka rufe aikin da gangan, ka rubuta ranar da za ka dawo. Hutun da mutum ya yanke wa kansa ba ya barin nauyin zuciya irin na wanda ya sulale bai sani ba.

Jerin aikin da ba ya kashe mota

Doka ɗaya nake bi yanzu: duk zaman aiki ya ƙare motar tana iya tashi ta fita. Saboda haka injin ne farko, tun kujerun suna ciki. Kai ta wurin bakanike a duba birki, da lagireto, da giya, da ɗigar mai, a sauya duk wata roba da zafi ya busar. Idan Kostarka mai dizal ce da injin 1HZ mai lita 4.2, ka yi dace, domin irinsa ne a cikin tsofaffin Land Cruiser, kayan gyaransa kuma ba sa wuyar samu a shaguna da tashlih, wato inda ake sayar da sassan matattun motoci. Duba shekarun tayoyi a jikinsu: lambobi huɗun ƙarshe na hatimin masana'anta suna nuna mako da shekara, misali 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta tsufa a wannan zafi tana iya fashewa ko da zanenta bai cinye ba. Daga nan ka mayar da ita al'ada kowane mako ka tayar da motar, ka zagaya da ita na minti 20 zuwa 30 har injin ya ɗauki zafinsa.

Sai cire kujeru, amma ba duka ba. Bar layi biyu na gaba a ɗaure yadda masana'anta ta ɗaure su, domin a nan iyalinka za su zauna lokacin tafiya. Gadon katako ba wurin zaman fasinja ba ne a kan babbar hanya. Da ka ɗaga daɓen za ka ga gaskiyar motar. Iskar Jidda tana ɗauke da laima da gishirin teku, kuma tsatsa takan ɓuya a kewayen tayoyi, da matakalar ƙofa, da ƙarƙashin robar tagogi. Wannan shi ne mataki mafi gundura a aikin gaba ɗaya, kuma a nan ne mutane suka fi gudu, domin za ka yi mako huɗu kana gurzar ƙarfe ba abin da zai nuna wa mai wucewa cewa ka yi wani abu. Dabarar da ta taimake ni ita ce raba daɓen gida-gida da alli, in gama gida ɗaya kacal a kowane zama, in shafa masa fentin hana tsatsa mai launi daban, ta yadda idona zai riƙa ganin jan yana cinye baƙin. Kafin ka rufe komai, sa yaro ya watsa ruwa da tiyo a rufi da tagogi kana ciki kana duban inda ke yoyo.

Da an gama wannan, kada ka wuce zuwa kabad da kicin. Shimfiɗa filawud, ka ɗora kafet, ka jera matasan zaman ƙasa irin na majalisa, waɗanda za ka samu da sauƙi a kasuwar Sawarikh da ke kudancin gari, ka ɗauki kula da butar shayi, ku fita kashta, wato yawon shan iska, da iyali ko da bakin teku ne na yini ɗaya. Wannan fita tana biyan bukata biyu. Tana dawo maka da dalilin da ya sa ka sayi motar, sannan tana nuna maka tsarin da kake bukata a zahiri. Ni da na zana gado a baya da wurin wanka a tsakiya, fita biyu kawai suka nuna mini cewa wurin alwala kusa da ƙofa da labulen da zai raba mata da maza sun fi wurin wankan muhimmanci nesa ba kusa ba. Kosta doguwa tsawonta ya kusa mita 7, faɗinta kuwa mita 2 ne da ɗan kai, don haka kafin ka yanka katako ko ɗaya, ka fitar da siffar kowane abu da kwali da salatif a kan daɓe, ka yi yawo a tsakaninsu.

Bayan haka ne ake ja wayoyi da bututun ruwa, a sa soson hana zafi a bango da rufi, a rufe, sannan a zo kan kayan ɗaki. Wanda ya rufe bango kafin ya ja waya zai ɓalle shi da hannunsa, kuma babu abin da ke sanyaya gwiwa kamar rushe aikin da ka riga ka yi murnar gamawa.

Maganar sanyaya ɗaki tana bukatar hukunci da wuri, domin na ga ta tsayar da mutane wata da watanni suna ta lissafi. Batir na zamani mai amfiya 100 a kan volt 12.8 yana riƙe da wat 1,280 na awa guda, na'urar sanyaya ɗaki ta kan rufi kuwa tana iya jan fiye da wat 1,300, wato ba za ta cika awa ɗaya a kansa ba. Kwana cikin sanyi da sola kaɗai yana bukatar tarin batura masu tsada. A ganina mai farawa ya ɗauki faranti ɗaya ko biyu na sola domin fitilu da fankoki da ƙaramin firji, ya shirya tafiyarsa ta bazara zuwa tuddan Ɗa'ifa da Baha da Abha, ta sanyi kuma zuwa gaɓar Yanbu, ya bar wa na'urar sanyi guri da waya har ranar da aljihu ya yarda. A kuma tuna cewa da yawa daga cikin masu dizal volt 24 suke amfani da shi, don haka wutar ɗakin ta zama daban da ta injin. Nauyi ma a riƙa lissafa shi: tankin lita 200 kilo 200 ne na ruwa zalla, falle ɗaya na filawud mai kaurin milimita 18 yakan kai kilo 30, kuma birki ne zai ɗauki duk wannan a gangaren tsauni.

Littafin mota da kuɗin mota

Ba a fafe gora ranar tafiya. Zaman awa ɗaya da rabi ba ya jure neman noti ko gudu zuwa shago, don haka ka ajiye littafi a cikin bas, kuma kafin ka kulle ƙofa kowane dare ka rubuta aikin farko da za ka yi in ka dawo, da kayan da yake bukata. Kada ka rubuta "gyaran wuta", domin wannan buri ne. Rubuta "huda rami biyu a bayan kujerar direba, a zura waya". Kayan kuma ka saye su a hanyarka ta dawowa daga wurin aiki. Minti goma na ƙarshe na shara ne da mayar da kayan aiki mazauninsu.

Kuɗi kuwa a ware masa wani abu ƙayyadadde duk wata, bayan an fitar da haya da cefane da abin da ake aika wa gida, a kuma tuna da harajin kashi 15 cikin ɗari da ke hawa kan sabon kaya tun Yulin 2020. Kada a sayi firji da batura tun ana kan tsatsa, domin garantinsu zai ƙare a cikin kwali, batir kuma zafi yana cin ransa ko ba a taɓa shi ba.

Mutanen gida da masu sana'a

Awa shidan nan daga hannun iyalinka ka karɓo su, saboda haka a yi maganar a fili. Ranar da uwargidana ta ce mini, "Baban yara, wannan motar ta zama kishiya, gara ka gaya mini ranakun girkinta," dariya na yi, amma shawara ce ta ba ni. Tun da na tsayar da ranakun, na kuma daina satar wasu, ƙorafi ya kau. Ita ta zaɓi tsayin teburin girki da yadin labule, yara kuma suna riƙe awo da miƙo sukurdireba.

Akwai ayyuka huɗu da ba na ba kowa shawarar koyo a jikin motar da 'ya'yansa za su kwana ciki: birki, da walda kusa da tankin mai, da haɗa gas, da wutar volt 230. Biya masu sana'ar su yi. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, yana kwanciya ne a ƙasa, don haka tukunyarsa tana bukatar akwati na daban mai huda a gindi zuwa waje, tare da na'urar ƙararrawar hayaƙi mai guba da tukunyar kashe gobara a kusa da ƙofa. Sai dai ka yi yarjejeniyar kwanaki kafin ka miƙa makulli. Wani mai walda ya taɓa riƙe mini motar mako shida a kan aikin yini biyu, kullum "Alhaji, gobe in sha Allahu," kuma komawa aiki bayan wannan gibi ya fi mini aikin kansa wuya. Yanzu sai in kai ta da safe in zauna a wurin har a gama.

Idan duk da haka zuciyar ta mutu

Za ta mutu, wataƙila fiye da sau ɗaya, galibi bayan Hajji ko a ƙarshen bazara. Kada ka yanke hukuncin sayarwa a cikin wannan hali, kuma kada ka yi wa kanka alkawarin rama duk abin da ya wuce a hutun mako guda. Zaɓi safiya ɗaya ka je ba da niyyar aiki ba. Buɗe ƙofofi da tagogi iska ta ratsa, ka share ƙura, ka duba mai da ruwa da iskar taya, ka haɗa batir, ka tayar da injin ka saurare shi. Buɗe hotunan ranar da ka sayo ta ka gwada da abin da ke gabanka. Idan da wani abokin da ya taɓa taya ka, kira shi ya zo ku sha shayi a ciki, ka gaya masa ranar fita ta gaba da bakinka, domin kunyar idon aboki tana tayar da mutum ranar da sha'awa ta ƙi. Sannan ka buɗe littafin a shafin ƙarshe, ka karanta layin da ka bar wa kanka, ka ɗauko injin huda ka yi ramuka biyun nan na bayan kujerar direba, ka rubuta layi na gaba, ka kulle ka tafi gida kafin rana ta ɗaga.